Linzamin Wasan Kwamfuta A Ma'aunin Hannun Ɗan'adam

Gabatarwa

A cikin kayayyakin da ke tare da kwamfuta babu wanda aka fi raina wa kamar linzami, wato 'yar na'urar nan da ake ɗora wa hannu ana jan ta a kan tebur domin a sarrafa kibiyar da ke yawo a fuskar allo. Duk da wannan raini, babu wani sashe na kwamfuta da ya fi shi daɗewa a jikin mutum. Ido kallon allo kawai yake yi daga nesa, amma hannu rungume yake da linzami tun daga zama har tashi. A 'yan shekarun nan an sami wani jinsi na linzami da aka ƙera musamman domin masu wasannin kwamfuta, wanda ake tallarsa da abubuwa biyu: tsananin sauri, da kuma siffar da aka ce ta dace da halittar hannu. Matasa da dama, har da ɗaliban jami'a, sukan tara kuɗi su saye shi da tsada, suna dogaro da lambobin da aka rubuta a jikin kwalinsa.

Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne cewa mafi yawan waɗannan lambobi sun daɗe da wuce iyakar abin da jijiyoyin ɗan'adam za su iya amfana da shi, kuma kalmar "dacewa da jiki" da ake liƙa wa linzami ba ta da ma'ana sai an faɗi jikin wa ake nufi. Abin da ya cancanci a auna shi ne girman linzami idan aka gwama shi da hannun mai shi, da nauyinsa, da yawan sa'o'in da hannun ke shafewa a kansa. Batun bai tsaya ga kuɗi kaɗai ba. Kuɗi in sun tafi sukan dawo, amma jijiyar hannu in ta sami matsala takan daɗe tana wahalar da mai ita.

Asalin Linzami

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro linzami a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Kalifoniya. Abokin aikinsa Bill English ya harhaɗa na farko a 1964, wanda ɗan akwatin katako ne mai ƙafafu biyu na ƙarfe a ƙarƙashinsa. An nuna wa duniya shi a birnin San Faransisko ranar 9 ga Disamba, 1968. Saboda igiyar da ta fito daga jikinsa kamar wutsiya, sai suka raɗa masa suna ɓera a harshensu. Sunan da Hausa ta ba shi ya fi bayyana aikinsa, domin da linzami ake juya doki, da wannan kuma ake juya kibiya.

Daga baya aka maye gurbin ƙafafun da ƙwallo, wanda ya yi zamani mai tsawo. Kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 1984, ita ce ta shigar da linzami gidajen jama'a. A 1999 kamfanin Microsoft ya fitar da linzami mai ido a madadin ƙwallo: wata 'yar fitila ce ke haska tebur, wata 'yar kyamara kuma tana ɗaukar hotunan wurin sau dubbai a cikin sakan guda, sannan a gwama hoto da hoto a gane inda aka nufa. A wannan shekarar ce kuma aka fitar da Razer Boomslang, wanda ake lissafawa cikin linzaman farko da aka yi domin 'yan wasa. Tun daga lokacin kamfanoni suka shiga tseren lambobi, kowa yana ƙoƙarin ya rubuta adadin da ya fi na abokin hamayyarsa.

Lambobin Jikin Kwali

Lamba ta farko da ake talla da ita ita ce DPI, wato yawan ɗigon da linzami ke ƙirgawa idan aka ja shi tsawon inci guda. Boomslang na 1999 ya kai ɗigo 2,000. Wasu linzaman kamfanin Logitech na shekarun baya-bayan nan sun kai 25,600, akwai ma na wasu kamfanoni da suka ɗara haka. Sai a tambaya: me wannan adadi yake nufi ga hannu? Allon kwamfuta da aka saba gani yana da ɗigo 1,920 daga hagu zuwa dama. Idan an saita linzami a kan 800, sai hannu ya yi tafiyar inci 2.4, wato kimanin santimita 6, kafin kibiya ta ratsa allon daga gefe zuwa gefe. Idan kuwa aka saita shi a kan 25,600, tafiyar da ba ta cika milimita 2 ba ta isa ta ratsa allon gaba ɗaya. Wannan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

A nan ne ilimin halittu ke da abin faɗi. Hannun lafiyayyen mutum ba ya tsayawa cik. Akwai wata 'yar karkarwa da ke tare da kowace tsoka mai rai, wadda ke kai da kawo kimanin sau 8 zuwa 12 a sakan. Ido ba ya cika ganinta, amma takan ƙaru idan an gaji, ko an sha gahawa da yawa, ko hankali ya tashi. Linzamin da aka buɗe wa ji har ƙarshe zai ɗauki wannan karkarwa ya faɗaɗa ta a kan allo, har kibiya ta koma tana rawa. Shi ya sa mafi yawan ƙwararrun 'yan wasan harbi, waɗanda abincinsu ya dogara ga daidaiton hannu, suke barin linzamansu tsakanin 400 zuwa 1,600. Wanda ya ƙara kuɗi domin ya mallaki dubu ashirin da biyar ya sayi abin da ba zai taɓa amfani da ko rubu'insa ba. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Lamba ta biyu ita ce yawan rahoton da linzami ke aika wa kwamfuta a sakan guda. Linzamin ofis na gargajiya yana aikawa sau 125, wato rahoto ɗaya a kowane milisakan 8. Shi milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Linzamin wasa yakan aika sau 1,000, wato a kowane milisakan 1. A 2021 kamfanin Razer ya fitar da wanda ke aikawa sau 8,000, wato a kowane kashi ɗaya cikin takwas na milisakan. Daga 125 zuwa 1,000 an rage jinkirin da zai iya kai milisakan 7. Daga 1,000 zuwa 8,000 kuwa abin da aka rage bai cika milisakan 1 ba, ko da yake a kan kwali lambar ta ninka sau takwas.

Sai a ɗora wannan a kan ma'aunin jikin mutum. Kafin mai wasa ya danna maɓalli, dole haske ya faɗa a tantanin ido, ƙwayoyin gani su mayar da shi saƙon lantarki, saƙon ya bi jijiyar gani zuwa bayan ƙwaƙwalwa, a fassara shi, a yanke shawara, sannan umarni ya sauko ta laka ya bi jijiyar hannu, wadda saƙo ke gudu a cikinta kimanin mita 50 zuwa 60 a sakan. Saukowar umarni kaɗai, daga ƙwaƙwalwa zuwa tsokar hannu, tana cin kimanin milisakan 20. Tafiyar duka, daga gani zuwa motsi, takan ci milisakan 200 zuwa 250 ga matsakaicin mutum. Abin da linzami mai rahoto 8,000 ya rage bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wannan lokaci ba. Bugu da ƙari, allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan yana ɗaukar kusan milisakan 17 tsakanin hoto da hoto. Ashe kuwa mai irin wannan allo ba zai ga amfanin gaggawar linzaminsa ba, sai dai ya ga batir ɗinsa yana saurin ƙarewa, kwamfutarsa kuma ta ƙara ɗaukar nauyi.

Adalci ya wajaba a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Jinkiri taruwa yake yi: na linzami, da na kwamfuta, da na allo, da na intanet, duk a kan na jiki ake ɗora su. Ga 'yan wasa biyu da ƙwarewarsu ta zo ɗaya, masu amfani da allon da ke sabunta hoto sau 240 ko fiye a sakan, ɗan abu kaɗan yana iya raba gardama, kuma kibiya takan ɗan fi santsi a ido. Wannan gaskiya ne, amma gaskiya ce da ta shafi mutane ƙalilan a ƙololuwar sana'a. Ga sauran jama'a, barcin dare ɗaya da aka rasa yakan ƙara wa hannu jinkirin da ya ninka wanda linzami ya rage sau da yawa.

Akwai ma'aunin da ya fi waɗannan lambobi amfani, kuma ya girme su. A 1954 wani masanin halayyar ɗan'adam Ba'amurke, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abin da ya nufa ya dogara ga nisan abin da kuma faɗinsa: in ya yi nisa ko ya ƙanƙance, lokaci sai ya ƙaru bisa wani tsari na lissafi. A 1978 Stuart Card da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox suka gwada wannan ƙa'ida a kan linzami da wasu na'urorin nuni. Suka tarar linzami ne ya fi, kuma saurinsa ya yi kusa da saurin nuni da hannu kai tsaye. Ma'anar wannan ita ce tun a wancan zamani tsarin ido da ƙwaƙwalwa da hannu ne ke gindaya iyaka.

Abin Da Ke Faruwa A Cikin Hannu

Hannun mutum yana da ƙasusuwa 27: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, goma sha huɗu a yatsu. Abin mamaki shi ne mafi yawan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙe su ba a cikin tafi suke ba. A sangalin hannu suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyansa, suna jan yatsu daga nesa ta hanyar dogayen igiyoyi da ake kira agara. Guda tara daga cikin waɗannan igiyoyi suna bi ta wani matsattsen kwararo a wuyan hannu, wanda ƙasusuwa suka kewaye ta gefe uku, wani tauraren tantani kuma ya rufe shi ta ɓangaren tafi. A cikin wannan kwararo, tare da agarar tara, akwai wata jijiyar saƙo guda ɗaya da ake kira jijiyar tsakiya. Ita ce ke kai ji ga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin wanda ke bi masa.

Kwararon ba ya buɗewa. Idan aka ɗaga tafin hannu baya, ko aka lanƙwasa shi gaba, ko aka karkata shi gefe, matsi yakan ƙaru a ciki. Idan agara ta kumbura, jijiyar ce ke shan matsa, domin ita ce mafi laushi. Alamomin farko su ne yatsun nan su yi dindiris, ko a ji kamar ana tsira musu allura, musamman da dare, har mutum ya farka yana yarfa hannu. Idan abin ya daɗe ba a kula ba, tsokar gindin babban yatsa takan rame, ƙarfin riƙo ya ragu.

Linzamin da aka saba yana tilasta wa hannu abubuwa uku. Na farko, yana sa a kifa tafi ƙasa, wanda ke sa ɗaya daga cikin ƙasusuwa biyu na sangali ya gitta a kan ɗan'uwansa. Na biyu, yana sa a ɗan ɗaga wuyan hannu baya. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, yana sa manuni ya kasance a rataye a saman maɓalli yana jiran dannawa. Tsokokin da ke riƙe da yatsan a sama sun samo asali ne daga gefen waje na gwiwar hannu, shi ya sa masu daɗewa a kan linzami sukan yi kukan ciwo a can, nesa da yatsan da ya yi aikin.

Mai karatu zai iya mamakin yadda aiki marar nauyi kamar wannan zai cutar da tsoka, alhali manomi yana yini da fartanya. Amsar tana cikin yadda tsoka ke rarraba aiki. Kowace tsoka ta ƙunshi rukunoni na zaruruwa, kuma ƙananan rukunoni ne ake fara kira idan aiki ya zo, su ne kuma na ƙarshe da ake sallama. A 1991 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Göran Hägg, ya kawo bayanin cewa a aiki marar nauyi amma mai daɗewa, waɗannan ƙananan rukunoni ba sa samun hutu ko kaɗan, har su jigata. Ya kwatanta su da yarinyar nan ta tatsuniyar Turawa wadda ta fi kowa sammako ta kuma fi kowa daren kwanciya. Bahaushe zai ce 'ya'yan bora ne. Manomi yana ɗaga fartanya ya sauke, tsoka ta matse ta saki, jini ya shiga ya fita. Mai linzami kuwa tsokarsa a ɗaure take kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i.

Wannan cuta ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Likitan nan ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, wanda ya wallafa littafinsa kan cututtukan masu sana'a a 1700, ya ƙara babi a bugun 1713 game da magatakarda da marubuta. Ya danganta ciwonsu ga yawan zama, da maimaita motsin hannu iri ɗaya ba hutawa, da ɗaurewar hankali. Duk ukun suna tattare da mai wasan kwamfuta, kamar yadda suke tattare da mai ɗinkin hula da ke yini da allura.

Bai kamata kuma a zuzuta haɗarin ba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Denmak a kan dubban ma'aikata, wanda aka buga a 2003, ya nuna cewa aikin kwamfuta ba babban sanadi ne na cutar matsewar jijiyar wuyan hannu ba. Sai dai ya sami alaƙa tsakanin alamomin cutar da amfani da linzami fiye da sa'o'i 20 a mako. Abin lura a nan shi ne yawan sa'o'i ne ya fito fili. Mai wasan da ke zama sa'o'i huɗu kullum ya riga ya haura wannan adadi. A cikin ƙwararru ma an ga misalai. Hai Lam, ɗan wasan ƙungiyar Cloud9 ta Amurka, ya janye daga gasa a 2015 saboda ciwon wuyan hannu. Jian Zihao na ƙasar Sin, wanda aka fi sani da Uzi, ya sanar da ritaya a 2020 yana ɗan shekara 23, inda ya ambaci ciwon sukari da daɗaɗɗen ciwon hannu. Dukkansu sun sake komawa fage daga baya. Waɗannan mutane ne da ke da damar riƙe mafi ingancin linzaman zamaninsu, amma hakan bai kare su ba.

Siffar Da Aka Ce Ta Dace Da Jiki

Kamfanoni sun amsa wannan matsala ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce a sassaƙa linzami ya bi siffar hannun dama: a ɗaga ɓangaren manuni, a gangarar da ɓangaren ƙaramin yatsa, a yi wa babban yatsa gurbi. Razer DeathAdder, wanda ya fara fitowa a 2006, na cikin sanannun wannan jinsi. Hanya ta biyu ita ce a tayar da linzamin tsaye yadda hannu zai riƙe shi kamar mai musafaha. Misalinsa shi ne MX Vertical na kamfanin Logitech, na 2018, wanda aka karkata da digiri 57.

Babu shakka linzami mai tsayuwa yana rage kifewar sangali, kuma akwai mutanen da suka sami sauƙi da shi. Amma wani bincike da masana na Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya suka buga a 2015, inda suka auna matsin da ke cikin kwararon wuyan hannun masu fama da cutar, ya nuna cewa linzami mai tsayuwa da matashin wuyan hannu sun sauya yanayin riƙo, amma ba su rage matsin ba. Har wa yau irin wannan linzami yakan yi nauyi da tsawo, yana da wuyar ɗagawa da sauri, shi ya sa da ƙyar ake ganinsa a fagen gasa. Wato abin da aka samu ta wajen sauƙi an biya shi ta wajen sauri.

Babbar matsalar ita ce kowane kamfani yana iya rubuta wa kayansa cewa ya dace da jiki. Hannuwan manya kuwa sun bambanta da santimita da dama a tsawo, kuma hannun mace a galibi ya fi na namiji ƙanƙanta. Linzamin da ya cika tafin wani dogon mutum zai sa mai ƙaramin hannu ya dinga miƙa yatsu yana neman maɓalli. Daɗin daɗawa, kimanin mutum ɗaya cikin goma bahago ne, kuma siffar da aka sassaƙa domin dama azaba ce gare shi. Maƙerin gargajiya ya daɗe da sanin wannan, domin manomi ba ya karɓar fartanya sai ya riƙa ƙotarta ya jinjina ya ji ta zauna masa.

Yanayin riƙo ma ya kasu uku. Akwai mai kwantar da tafinsa duka a kan linzami, wanda ke buƙatar babba mai tudun baya. Wannan riƙo ya fi hutar da yatsu, yana mayar da aikin ga sangali da kafaɗa. Akwai mai riƙon shaho, wanda ke gantsare yatsu ya dafa gindin tafi kaɗai. Yana ba da saurin dannawa amma yana ɗaure agara. Akwai kuma mai riƙo da kan yatsu zalla, wanda ƙaramin linzami marar nauyi ya fi dacewa da shi. Siffa ɗaya ba za ta gamsar da ukun ba.

Batun Nauyi

A cikin duk sauye-sauyen da aka yi wa linzamin wasa, rage nauyi ne ya fi samun goyon bayan kimiyya. Logitech G502 Hero yana da giram 121, alhali G Pro X Superlight na 2020 bai wuce giram 63 ba. Bisa ƙa'idar Newton ta biyu, ƙarfin da ake buƙata a tunkuɗa abu ko a tsayar da shi yana tafiya ne da nauyinsa. Mai wasa yana tunkuɗawa ya tsayar, ya ɗaga ya ajiye, sau dubbai a zama ɗaya, don haka ragin yana da tasiri. Sai dai a tuna cewa shi kansa tafin hannun baligi ya kai kimanin giram 400, kuma tare da linzami yake tafiya. Saboda haka raba nauyin linzami biyu bai raba wahalar biyu ba, kuma faɗan da ake yi a kan giram biyar ko shida bai taka kara ya karya ba. Wasu kamfanoni sukan huhhuda jikin linzami kamar saƙar zuma domin rage nauyi. A ƙasar da hunturu ke zuwa da ƙura, bazara kuma da gumi, waɗannan ramuka ƙofa ce ga datti, kuma ya kamata mai saye ya sa wannan a lissafi.

Yadda Ya Kamata A Auna

Wanda ke son ya san ingancin linzami ya fara da awon hannunsa, daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, da kuma faɗin tafi, sannan ya lura da irin riƙonsa. In da hali ya riƙa linzamin kafin ya biya. Ya duba ko yatsunsa sun sauka a kan maɓallai ba tare da miƙewa ba, ko zai iya ɗaga shi ba tare da matsewa ba, ko wuyan hannunsa ya miƙe sambal da sangali, ko kuma ƙaramin yatsa ya sami wurin zama. Ya gwada ko zai iya kwantar da manuni a kan maɓalli ba tare da ya dannu da kansa ba, domin maɓallin da ya cika laushi shi ke sa a rataye yatsa.

Gwajin minti biyar a shago bai wadatar ba, tun da gajiyar 'ya'yan bora ba ta bayyana sai bayan sa'o'i. Hukunci na gaskiya sai bayan mako ɗaya ko biyu, kuma tambayar da za a yi ita ce yaya hannu yake da safe bayan an tashi daga barci. Ta ɓangaren aiki kuwa, ya isa a tabbatar kibiya tana bin hannu ba tsalle ba ɓata, ko an ja da sauri ko a hankali, kuma danna ɗaya ba ya zama biyu. Rahoto 1,000 a sakan da DPI da ya kai 1,600 sun ishi kusan kowa, kuma linzamai masu matsakaicin farashi da dama sun cika wannan sharaɗi.

Sauran abin da ya rage ba a saye da kuɗi. Tebur ya yi daidai da gwiwar hannu, kafaɗa ta saki, linzami ya kasance kusa da jiki, kada a dafa wuyan hannu a kan kaifin tebur. A rage jin linzami domin motsi ya fito daga sangali gaba ɗaya maimakon wuyan hannu kaɗai. A riƙa ɗauke hannu daga kansa duk lokacin da ba a buƙatarsa, a kuma tashi a miƙe bayan kowane rabin sa'a ko makamancin haka. Idan yatsu suka fara dindiris da dare, ko ciwo ya wuce 'yan makonni, likita za a nema, domin ciwon sukari, da juna biyu, da cutar maƙoƙo, da ƙiba, duk suna iya haddasa matsewar wannan jijiya, kuma sauya linzami ba zai magance su ba.

Kammalawa

Linzamin wasa na ƙwarai abu ne mai amfani, kuma injiniyoyin da suka kyautata idonsa suka rage nauyinsa sun cancanci yabo. Abin ƙi shi ne a bar lambobin talla su maye gurbin shaidar jiki. Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kusan duk mai neman shiga jami'a a Nijeriya sai ya zauna gaban allo, kuma da yawa daga cikinsu za su shafe shekaru talatin ko arba'in na aiki da linzami a hannu. Ya kamata sassan nazarin halittu da na kimiyyar kwamfuta su riƙa koya wa ɗalibai ginin hannu da ƙa'idojin zama tun a shekarar farko, kamar yadda ake koya musu kiyaye ido da fata a ɗakin gwaje-gwaje. Masu sayar da kaya kuma su riƙa buɗe samfuri domin mai saye ya riƙa ya ji. Matashin da ya san cewa agara tara da jijiya ɗaya ne ke cunkushe a wuyan hannunsa zai san tambayar da zai yi kafin ya zaro kuɗinsa, zai kuma san lokacin da ya kamata ya saki linzami ya huta.